Kafin ku sayi takalmin gudu mai farantin kabon

'Yan'uwa masu gudun safe, kada yayi ya ɗebe ku. Takalmin Vaporfly na Nike, a Jami'ar Kolorado ta Amurka aka gwada shi, sakamakon ya fito a 2017. An ɗora ƙwararrun 'yan gudu 18 kan injin gudu ana auna numfashinsu, aka ga ƙarfin da suke kashewa ya ragu da kusan kashi 4 cikin 100 idan aka kwatanta da wasu takalman tsere. Aikin na soson tafin ne mai dawo da ƙarfi, da farantin kabon (wani siririn falle mai tauri) da ke tsakiyarsa. Har sai da World Athletics, hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, ta kafa doka a 2020 cewa a gasar titi kaurin tafi kada ya wuce milimita 40.

Amma fa waɗanda aka gwada masu tsananin sauri ne, kuma soson nan saurin mutuwa gare shi. Shi ya sa raina ba ya son a sayi irin wannan takalmin a gwanjo: sama fes, ƙasa ya gama aiki. Don atisayen kullum, ku nemi wanda ya zauna muku daidai. Ku gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kuke gudu da ita, ku bar tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaba.