Yadda nake haɗa abokai ranar Hawan Daushe

Kada ka kira abokai cin abinci ranar Idi. Kowa na gidansu, ga gaishe-gaishen dangi, ga fiɗar rago in Babbar Sallah ce. Washegari, ranar Hawan Daushe, ita ce tamu a Kano.

Tun saura mako nake buɗe zaure a WhatsApp, kowa ya faɗi abin da zai kawo. Ni waina da miyar taushe ne nawa, wani soyayyen nama, wani zoɓo da kunun aya. Ƙanƙara fa a saye ta da sassafe, don in rana ta take sai ta yi wuya. Wanda ya ce "sai na gani", ɗora masa kuɗin Adaidaita.

Da an idar da azahar a ci abinci. Wanda ya makara a ajiye masa a kula, ba a jiransa. Sai a nufi Ƙofar Kudu kafin la'asar, tun hanya ba ta cushe ba. Ku bar mota a gida, dawakai ba ruwansu da fentin kowa. Waya a aljihun gaba, yara a riƙe hannunsu gam. Ku kuma tsayar da wurin haɗuwa, kamar bakin Gidan Makama, saboda kira kan ƙi shiga a cikin taro.