Yadda ake sa ƙarar fiyano ta riƙa bin hannun makaɗi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ya san cewa tsirkiya ba ta kuka iri ɗaya sau biyu. Idan ya fizge ta da ƙarfi, sautin yakan fito nan take da kaifi, idan kuwa ya ɗan taɓa ta, sai ya fito da laushi. Wannan ne abin da kunne yake rasawa a kiɗa da yawa da ake haɗawa a ƙananan sitidiyo na Maradi, inda kowane bugu yake fitowa daidai da ɗan'uwansa kamar bulo daga maƙera ɗaya. Sau da yawa fiyanon ba shi da laifi. Ba a taɓa wani sashe nasa ba ne kawai.

Turawa sun laƙaba wa sashen sunan ambulan, kuma shi ne yake tsara tafiyar ƙara tun daga danna madanni har zuwa sakinsa. A jikin na'ura za a ga haruffa huɗu: A shi ne tashi, D sauka, S zama, R kuma saki. Uku daga ciki lokaci suke aunawa, amma S matsayin ƙara ne, wato inda sauti zai tsaya muddin yatsa yana kan madanni. Wanda bai riƙe wannan bambancin ba zai daɗe yana murɗa abin da ba shi ne ba.

Da farko a zaɓi murya ɗaya, a kashe amsa-kuwwa gaba ɗaya, domin takan rufe wutsiyar sauti har mutum ya kasa jin abin da ya canja. Don sauti mai kama da na gurmi, a sa tashi a kan milisakan 30 (milisakan dubu ne suke yin daƙiƙa ɗaya), sauka wajen 400, zama a sifili, saki kuma 150. Wannan harsashi ne kawai.

Mataki na biyu shi ne ɗaura matsayin ƙara a kan ƙarfin bugu. Tsarin MIDI, wato yaren da na'urorin kiɗa suke aika wa juna saƙo da shi, wanda ya fito a 1983, yana auna ƙarfin bugun madanni daga 1 zuwa 127, kuma wannan lambar ce za a zaɓa ta riƙa juya ambulan. Kafin a ƙara zurfin juyin, sai a rage ƙololuwar tashi daga 99 zuwa kamar 70, a na'urar da ma'auninta ya tsaya a 99. Dalili kuwa shi ne tulun da ya riga ya cika ba ya karɓar ƙari: idan matsayi yana can sama, duk ƙarfin da makaɗi ya sa ba zai sami wurin hawa ba. Daga nan a kai zurfin rabi, a buga madanni ɗaya sau goma, daga taushi zuwa ƙarfi. Idan bugu mai taushi ya ɓace ƙurmus, zurfin ya yi yawa.

Na uku shi ne lokaci, kuma a nan aka fi tuntuɓe. Abin da ake so shi ne bugu mai ƙarfi ya gajarta tashi, mai taushi kuma ya tsawaita shi, shi ya sa tun farko ba a bar tashin a sifili ba, tunda babu abin da za a rage daga sifili. Matsalar ita ce na'urori ba su yi ittifaƙi kan ma'anar lambobinsu ba. A wasu, lamba babba tana nufin lokaci mai tsawo. A na'urar fiyano ta Yamaha DX7 kuwa, wadda ita ma ta fito a 1983, ambulan yana da gudu huɗu da matsayi huɗu, kowanne daga 0 zuwa 99, kuma 99 shi ne mafi sauri. Saboda haka kada a dogara da alamar tarawa ko ta ɗebewa. A kai zurfin ƙarshe, a saurari ɓangaren da sauti ya karkata, sannan a dawo da shi baya har ya zauna a kunne. Idan aka fara jin wani ɗan ƙas a bakin kowane bugu mai ƙarfi, tashin ya gajarta fiye da kima, sai a ƙara masa milisakan 2 ko 3.

Na huɗu, a sa sauka da saki su bi wurin madanni. Gajeriyar tsirkiya takan mutu da wuri, doguwa kuma takan ja numfashi, don haka madannan dama su sauka da sauri, na hagu su daɗe. Galibi ana auna wannan daga madannin tsakiya, mai lamba 60 a MIDI. A DX7 ma'aunin daga 0 zuwa 7 ne, kuma a ganina 2 ko 3 sun wadatar.

Ga sauti mai ja kamar na goge ko sarewa, a ɗaga zama zuwa wajen 80, a ɗaura tsawon tashi a kan ƴar tayar da ke hagun madannai. Sai dai na'urori da yawa suna karanta lokacin ne a daidai sa'ad da aka danna madanni, don haka a murɗa tayar kafin bugu, kuma a bugu na gaba za a ji canjin.

Masu zana kiɗa da linzamin kwamfuta a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio su lura cewa duk bugun da aka zana yakan zo da ƙarfi ɗaya, kuma muddin aka bar su haka, aikin nan duka ba zai fito ba. Sai an bi su an bambanta, a ƙarfafa na kan tafi, a sassauta na tsakani. Da zarar sautin ya yi daɗi a adana shi da sabon suna, kafin wuta ta ɗauke, sannan a mayar da amsa-kuwwa kaɗan-kaɗan, ana saurara ko wutsiyar sautin tana nan.