Kurakuran da marubutanmu ke tafkawa a labarin zombi

Labarin zombi, wato gawar da ke tashi tana cizon mutane su ma su zama irinta, ya shigo rubutun matasanmu na Jos, musamman masu sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp da masu haɗa gajeren fim da waya. Ina son labarin tsoro, amma na gaji da ganin kurakurai iri ɗaya a duk rubutun da aka turo mini in duba. In ka ce aljani ne ya shiga gawa, ba ni da ja, yi yadda ka ga dama. Amma da zarar ka rubuta cewa ƙwayar bairas ce, ka kawo likita da farar riga, to dole ka bi yadda Allah ya tsara jikin ɗan Adam.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne cizo yanzu, hauka yanzu. An ciji mutum a Terminus, kafin ya kai Masallacin Juma'a ido ya yi ja, yana bin mutane da haƙori. Bairas ba ya aiki haka. Sai ya shiga ƙwayoyin jiki ya hayayyafa tukuna, kuma wannan yana cin lokaci. Cutar da ta fi kusa da abin da kuke rubutawa ita ce haukan kare. Daga wurin cizon ƙwayar ke bin jijiya sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata 1 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani har shekara. Cizon fuska ya fi na ƙafa sauri don hanyar ta fi gajarta. Sannan zazzaɓi, ƙaiƙayi a tabon da ya riga ya warke, dalalar yawu, tsoron ruwa, ruɗewa. In alamun nan suka bayyana, da wuya a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya.

Ɗan yayata kare ya ciza a ƙafa yana dawowa daga islamiyya. Aka shafa magani, aka zuba masa ido ƴan kwanaki, yaro na wasansa, kowa ya ce Allah ya tsare. Bayan wata biyu ya fara firgita in an miƙa masa kofin ruwa. Da hannuna na sa shi a kabari. Shi ya sa in na ga marubuci ya haukatar da mutum cikin minti biyu nake jin kamar in yaga takardar. Kai, me kake koya wa mai karatunka? Cewa in bai haukace yau ba ya tsira? Ga Vom nan kusa da mu, cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, inda ake haɗa rigakafin karnuka, amma ka kasa tambayar ko likitan dabbobi ɗaya kafin ka zauna rubutu.

Ni abin da nake yi, kafin in rubuta shafin farko sai na zana kalanda a takarda: ranar da aka ciji kowane mutum, ranar da zazzaɓi zai fara, ranar da zai ƙi ruwa. Kuma ba na barin labari ya wuce ba a samu wanda ya wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15 ya garzaya asibiti neman allura ba. Tsoron ma a jiran yake. Uwa ta yi mako shida tana taɓa goshin ɗanta cikin dare, wannan ya fi ihun kasuwa kama zuciya.

Na biyu, gawa mai gudu. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin ƴan mintoci in iska ta yanke mata. Bayan ƴan sa'o'i jiki ya sandare, daga baya ya saki ya fara ruɓewa. Bairas kuwa ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar jiki mai rai, to da me zai motsa mamaci? Ka bar zombin naka da ransu, marasa lafiya ne da hankalinsu ya gushe. Sai dai ka tuna mai rai yana jin ƙishi, kuma da wuya ya wuce kwana uku ko huɗu ba ruwa, balle yana yawo ba riga cikin sanyin hunturun Jos.

Sannan wa ya gaya muku a Gangare ko Unguwar Rogo ana barin gawa a titi? Mu da muke wanka mu yi sutura mu kai makwanci tun kafin rana ta faɗi? Nan ne ma labarinka yake, amma ga shi ka tsallake shi. Mai wankan gawa, masu zuwa dubiya, ƴar da ke jinya: ta irin hanyoyin nan Ebola ta yaɗu a Yammacin Afirka a 2014. A garin nan, a 1970, Dakta Jeanette Troup ta kamu da zazzaɓin Lassa bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta rasu.

Sauran ƙanana ne. Cizo hanya ce mai rauni wajen yaɗa cuta. In kana son gari ya kama cikin makonni, dubi ƙyanda da ke bin iska, mutum ɗaya ya shafa wa 12 zuwa 18 inda ba rigakafi. Kada ka ɓatar da hukuma gaba ɗaya: da Ebola ta shigo ta Legas a Yulin 2014, bin sawun waɗanda suka cuɗanya da maras lafiya aka yi, ta tsaya a mutum 20, 8 suka rasu. Kafso na kashe bakteriya ba ya taɓa bairas, daina ba jarumarka shi. Rigakafi ba ya haɗuwa a dare ɗaya. Na korona da aka yi ta yabon saurinsa ya ci kusan shekara. Naman gwarin da ke shiga jikin tururuwa yana juya ta kamar zombi kuwa gaskiya ne akwai shi, amma jikin ƙwaro ya saba da shi. In za ka kawo shi jikin mutum mai zafin digiri 37, sai ka ba mu dalilin da ya sa ya iya jurewa, ko da a sakin layi ɗaya ne.