Yadda kamfanin waje zai ɗauki lauya ya yi rajista a Turkiyya

Dokar zuba jarin waje ta Turkiyya, mai lamba 4875 ta shekarar 2003, ta ba baƙo dama daidai da ta ɗan ƙasa. Kana iya mallakar kamfani kai kaɗai, ba sai ka nemi Baturke ya shiga hannun jari ba. Wahalar tana wajen takardu da kuma wanda ka damƙa wa su.

Fara da lauya, kafin hayar ofis, kafin banki. A ƙarƙashin dokar lauyoyi mai lamba 1136, ɗan ƙasa ne kawai ke zama lauya a can, ofisoshin lauyoyin waje kuma shawara kaɗai za su ba ka kan dokokin waje da na ƙasa da ƙasa. To, 'yan kasuwarmu da ke zuwa unguwannin Laleli ko Osmanbey a Istanbul saro kaya sun san masu kiran kansu “danışman”, wato masu ba da shawara, da ke cewa komai a hannunsu yake. Wasunsu na da amfani wajen tafinta da nuna hanya, amma ba za su tsaya maka a kotu ba. Ka tambayi lauyan ƙungiyar lauyoyin da yake ciki da lambarsa, ka duba sunansa a kundin ƙungiyar lauyoyin Turkiyya a intanet, sannan ku rubuta kuɗin aiki.

Sai takardar wakilci, wadda suke kira “vekaletname”. Ana yin ta a gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, ko a ofishin jakadancin Turkiyya idan kana gida. Nan ne nake ganin ya kamata mutum ya nutsu ƙwarai. Ka sa tafinta mai rantsuwa ya karanta maka ita layi-layi. Izinin yin rajista da karɓo lambar haraji daban, izinin cire kuɗi a banki ko sayar da hannun jari daban. Abin da ba ka yi niyyar bayarwa ba, a goge shi tun a teburin notari.

Takardun kamfaninka na gida ma sai an tantance su: shaidar rajista, shawarar hukumar gudanarwa ta buɗe kamfani a Turkiyya, da sunan wanda zai sa hannu. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta hatimin apostil, wanda ke sa a karɓi takardun wata ƙasa a wata da hatimi ɗaya, don haka sai takardun sun bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, su bi ta ofishin jakadancin Turkiyya, a can kuma a fassara su zuwa Turkanci notari ya buga hatimi. Ka ba wannan mataki lokaci.

Yanzu zaɓin irin kamfani. Dokar kasuwanci mai lamba 6102, da ta fara aiki a 2012, ta tanadi iri biyu da aka fi yi. “Limited şirket” na bukatar jarin lira 50,000, “anonim şirket” kuma lira 250,000, tun daga Janairun 2024. A na biyun sai ka zuba kashi 25 cikin ɗari a banki kafin rajista, saura cikin wata 24. Mutane kan ruga na farko don arha, alhali arha ba ta ado: idan kamfanin ya gaza biyan haraji, gwamnati na iya bin mai hannun jari a aljihunsa gwargwadon kasonsa. A “anonim”, wanda ba ya cikin hukumar gudanarwa ba ya ɗaukar wannan nauyi. In kasuwar kawai kake son leƙawa, akwai ofishin tuntuɓa da Ma'aikatar Masana'antu da Fasaha ke ba da izininsa, sai dai ba a saye da sayarwa a cikinsa.

Rajistar kanta ba ta da tsawo. Lauya zai shigar da tsarin kamfanin a manhajar rajistar kamfanoni ta gwamnati, MERSİS, a biya hukumar kula da gasa kashi 0.04 cikin ɗari na jarin, a kai takardu ofishin rajista da ke cibiyar 'yan kasuwa, a buga sanarwa a jaridar rajista. Daga nan ka ɗauki akanta mai lasisi, don harajin kamfani kashi 25 ne, na VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya da ayyuka, kuma galibi kashi 20.

Mallakar kamfani ba ta ba ka izinin aiki. Wannan na ƙarƙashin doka mai lamba 6735, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kamfani ya ɗauki Turkawa biyar aiki a kan kowane ma'aikaci baƙo.

Kwangila kuwa, akwai wata tsohuwar doka ta 1926, mai lamba 805, da ta wajabta wa kamfanonin Turkiyya rubuta yarjejeniyoyinsu na cikin gida da Turkanci, kuma kamfanin da ka yi wa rajista a can na Turkiyya ne ko da kai Bakano ne. A rubuta da harsuna biyu, a fayyace wanda zai rinjaya. A kuma rubuta inda za a je in an saɓa: tun Janairun 2019, rikicin kuɗi tsakanin 'yan kasuwa sai ya bi ta mai sulhu kafin kotu ta saurare shi, in kuma ba kotun kuke so ba, ku sa sunan cibiyar sasanci ta Istanbul, ISTAC, a cikin kwangilar kafin a sa hannu.