Yadda ake raɗa wa dabbobin gida suna ba tare da an jawo rigima ba

In dabba ɗaya ce a turkenka ba ka da matsala, "akuyar nan" ma ta isa. Amma daga ranar da suka kai shida bakwai kuma duk jajaye ne irin na Sakkwato, to nan za ka gane suna ba ado ba ne. Kana kasuwa a kira ka a waya a ce akuya ba ta cin abinci, ka ce wacce, a ce ja ɗin, ka ce ai duka jajaye ne, a ce mai cikin, ka ce uku ne masu ciki, haka za ku yi ta ja har katin waya ya ƙare ba ka san wa za a ba magani ba. Ni dai abin da ya sa na fara sa wa dabbobina suna kenan, ba wai burgewa ba.

Kafin wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, a'a wallahi. Taguwar Annabi (SAW) sunanta Ƙaswa'u, alfadararsa Duldul, jakin da ya goya Mu'azu a kai sunansa Ufairu. Kuma duk wanda ya taɓa zama a ruga ya ga yadda Bafulatani ke tsayawa a gefen garke ya kira saniya ɗaya da sunanta, ita kaɗai ta ɗago kai ta taho sauran suna ci gaba da tuƙa. Don haka abin namu ne tun tale-tale.

Farko dai kar ka yi gaggawa. Ka sayo dabba yau daga Wudil ko Maigatari, bar ta ta kwana biyu uku a turke kana kallonta, sunan zai fito da kansa. Abin da ido ke fara gani shi ne launi, kuma mafi yawan sunayen da suka daɗe a bakin mutane daga launi suka fito. Mahaya dawaki sun riga sun gama mana wannan aikin: baƙin doki Akawali, fari Kili, ga Danda, ga Bidi, ga Hurde, ga Bikili, ga Gunya. Jakuna ma haka, Aura, Duna, Idabari. Fulani kuma saniya fara su ce Raneye, baƙa Ɓaleye, ja Woɗeye. Kaji ma ba a bar su a baya ba, akwai shazumama mai gashi a murɗe, akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai wake-wake. Amfanin irin wannan suna shi ne ko baƙo ne ya shigo gidan ka ce masa kamo min Duna, ba sai an nuna masa ba.

Sai dai launi yana aiki ne in garken gauraye ne. In duk tumaki Balami ka tara, farare tas, ko duk shanu Bunaji, to launi ya tashi aiki, sai ka koma kan ƙananan alamomi. Duba ƙaho, duba kunne, duba wutsiya, duba ƙafa. Tunkiya 'Yankasa mai baƙi zagaye da ido ni Mai Kwalli nake ce mata. Akuya mai farin ɗamara a ciki Kyalla. Wadda ƙahonta ɗaya ya karye Karyayya, mai farin ƙafa Mai Safa. Tunkiya Uda kuwa da ma Allah ya raba ta biyu, gaba baƙi ko ja baya fari, sai ka duba inda layin ya tsaya ko wani ɗigo da ya tsallaka. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, kar ka sa suna da abin da zai canza. Na taɓa sa wa wata 'yar tunkiya Ƙarama, yau ita ce babba a turken, ta haihu sau huɗu, kuma har yanzu Ƙarama ake ce mata, duk wanda aka aika sai ya kamo wata daban.

Bayan kama sai hali, kuma gaskiya nan ne sunayen suka fi daɗi. Akuyar da ba ta da aiki sai tura kai cikin tukunya Ɓarauniya, ragon da ke tunkuyin kowa Sarkin Yaƙi, saniyar da ke tsayawa cak a tatse ta ba harbi Hakima ko Salama. Wasu kuma suna sa sunan kasuwar da aka sayo dabbar, 'Yar Maigatari, Ɗan Fataskum, wannan ma yana da kyau don shekara biyu bayan nan za ka tuna daga ina irin ya fito, in ya yi kyau ka koma can.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa rami: sunan mutane. Mu Hausawa muna da sunan rana a shirye, an haifi 'yar akuya ran Lahadi sai yara su ce Ladi, ran Alhamis Lami, ran Juma'a Jummai, kuma a ido kamar ba komai har ma yana taimaka maka ka tuna ranar haihuwa. To ni na yi wannan kuskuren. Muna da wata akuya Ladi, ɓarauniya ce ta ƙarshe, ashe amaryar da aka kawo gidan da ke jikin katangarmu ita ma Ladi ake kiranta a gidansu, mu ba mu sani ba. Kullum da safe yarana na ihu a tsakar gida, Ladi ta sace dusa, Ladi ta tsinke igiya ta bi bunsuru, ku kama Ladi ku ɗaure ta. Sati bai cika ba sai ga maigidan ya yi min sallama bayan Magariba fuska a murtuke, ya ce Malam in wani abu iyalina suka yi muku ai gara a faɗa min. Sai da na kai shi har turke na kira akuyar ta amsa a gabansa kafin ya yi dariya, amma matan gidan biyu sun fi wata ba sa gaisawa. Tun daga nan na kafa doka, ba sunan mutum a turkena, ko na rana ne.

Sunayen Allah, na Annabawa, na Sahabbai da na malamai kuwa ba ma sai an faɗa ba, a nisance su gaba ɗaya, dabba ce, wata rana za ka zage ta ko ka buge ta da sanda kana ambaton sunan. Sai kuma sunan habaici, irin wanda mafarauta ke sa wa karnuka kuma kishiyoyi ke sa wa awaki, su Bar Su Da Halinsu, su Ta Fi Su, su Sai Kallo. Akwai daɗin ji, ban musa ba, amma wanda aka yi dominsa yana ganewa tun kiran farko. In kin san gidanki da abokiyar zama, Hajiya, ki haƙura da wannan.

Sunan ya zama gajere, gaɓa biyu ya fi, uku in ta kama. Ka gwada shi da ƙarfi kamar dabbar tana can bakin fadama kana son ta juyo, in ka ji numfashinka ya ƙare kafin sunan ya ƙare to ya yi tsawo, yanke shi. Kuma kar biyu su yi kama a kunne, Kili da Bikili a barga ɗaya rikici ne, haka Duna da Guna. Dabba ba ma'anar kalma take ji ba, sautin take riƙewa da muryar mai kiran.

Koyar da sunan ba wuya, lokacin ci ne makarantar. Ka zo da dusa ko harawa ko ɗan gishiri a tafin hannu, ka tsaya kusa da ita ka kira sunan sannan ka miƙa, kullum haka safe da yamma, da murya iri ɗaya. Kar ka kira sunan sai ranar allura ko ranar ɗura magani kawai, in ka yi haka duk ran da ta ji shi gudu za ta yi. Saniya da doki suna kamawa da wuri, akuya ma tana da wayo sosai sai dai tana ji ta yi kamar ba ta ji ba, tumaki su ne sai an yi haƙuri, sun fi bin 'yan'uwansu a kan bin suna. Kuma kowa a gidan ya riƙe suna ɗaya, ba maigida na cewa Kyalla uwargida na cewa 'Yar Baba yara na cewa wani abu can da suka ji a talabijin ba.

Af, akwai wani bincike da aka yi a jami'ar Newcastle ta Ingila a 2009, sun tambayi masu kiwon shanun madara 516, suka ga gonakin da ake kiran shanu da suna sun fi samun madara, bambancin ya kai kusan lita 258 a kan kowace saniya a shekara. Ni a ganina ba sunan ne ke kawo nono ba, mutumin da ya damu har ya sa wa saniya suna shi ne zai lura ran da ta rage ci.

In garken ya fara yawa ka yi dabarar Fulani, 'ya ta bi gidan uwarta. 'Yar Kyalla ta zama Kyalla Ƙarama ko Kyalla ta biyu, jikarta ta uku, da haka kana jin suna ka san dangi, ka san wane gida ne ke haifan tagwaye, wane ne ke yawan ɓari, kuma ba za ka bar bunsuru ya hau uwarsa ko 'yar'uwarsa ba ka sani ba. Ka samu ɗan littafi na naira kaɗan ko ka buɗe waje a wayarka, suna, uwa, ranar haihuwa, ranar barbara, ranar rigakafi. Akuya da tunkiya wata biyar suke yi da ciki, saniya wata tara da 'yan kwanaki, in ka rubuta ranar barbara a gaban sunan ba za a tashe ka da dare ba shiri. Masu manyan gonaki suna maƙala lamba a kunne, wannan ma ya yi, ka haɗa biyun, lamba ta malamin dabbobi suna na 'yan gida. Kajin gidan gona ɗari biyar kuwa kar ka wahalar da kanka, sunan keji ya isa, rukunin farko, rukunin bayan Sallah.

Na ƙarshe ragon layya. Wanda ka turke don yanka ko don sayarwa, kar ka bari yara su raɗa masa suna, in ma dole ne to ya tsaya a Na Layya ko Ɗan Kasuwa don kowa ya san inda aka dosa tun farko. Wata shekara na sayo ɗan Balami tun watan Rajab, autata ta sa masa Gwarzo, ita ke kai masa harawa da ruwa, har ya zama in ta dawo daga Islamiyya shi ke fara yi mata kuka. Ranar Sallah muna dawowa daga Idi yarinyar nan ta rungume wuyan rago ta ce sai dai a yanka su tare, sai da kakarta ta ɗauke ta zuwa wani gida kafin aka kayar da shi, kuma ko tsinken hanta ba ta taɓa ba a shekarar, tuwo da miyar kuka ta ci kwana uku ana suya a gabanta.