Kafin ka sayi risiba ta hom tiyata da ɗan kuɗinka

Malam in za ka shiga kasuwar Katsina neman risiba, wato akwatin nan da ake jona talabijin da dikoda da sifiku duka a jikinsa, fara juya bayanta tukun ka ga ƙarfin wutar da aka rubuta tana ɗauka. Wutarmu 220 zuwa 240V ce, amma da yawa cikin tokumbo da suka fito daga Amurka 120V ne, kana jonawa kai tsaye sai hayaƙi wallahi, dole sai da taransifoma mai rage wuta kuma shi ma ai kuɗi ne.

Sai ka duba ramin HDMI, wato inda ake jona wayar hoto da sauti, a samu wanda aka rubuta ARC, shi ne zai dawo da sautin talabijin cikin risiba da waya ɗaya tal. Lambar 5.1 kuwa sifika biyar kenan da ufa ɗaya (babbar sifikar nan mai fitar da bes), ya ishi falo, 7.1 ɓarnar kuɗi ce a ɗakunanmu.

Kar 3000W PMPO da ake mannawa a kwali ya ruɗe ka, lambar talla ce kawai ta ƙarfin sauti, RMS ake dubawa, wato ainihin ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore. Ni dai gara tsohuwar Yamaha ko Denon mai lafiya da sabuwa wadda ba a san asalinta ba. Sifikunka su zama ohm 6 ko 8, ohm shi ne ma'aunin yadda sifika ke jan wuta daga risiba.

Ka sa mai shago ya kunna, ka ji kowace sifika daban, a bar ta ta ɗan jima ko za ta mutu da kanta in ta ɗau zafi, don zafin Afrilu ba wasa. Rimot ma karɓi naka a wurin, sannan ka ajiye kuɗin sayen sitabilaiza.