Yadda za ku zaɓa wa yara littafin da za su karanta da kansu

Iyaye da yawa a Kano in aka ce littafin yaro to na makaranta kawai suke nufi, na lissafi da na Turanci da na Islamiyya shikenan, kuma wallahi shi ya sa yaro yake ganin karatu kamar horo ne. Littafin labari daban yake, shi ne wanda yaro zai ɗauka ba tare da an ce masa ɗauko ba, amma fa sai an iya zaɓe.

Ku fara da shekarunsa. Ɗan shekara 3 zuwa 6 hoto yake karantawa ba rubutu ba, don haka ku nemi mai manyan hotuna masu kala, layi ɗaya ko biyu a shafi, bango mai kauri saboda sai ya kai shi baki. Ki zaunar da shi a cinya, ki ɗora yatsa ki ce ina akuya, ina jakin, shi zai nuna miki, gobe kuma shi zai ja ki ya ce Umma a sake, kar ki gaji ko da sau goma ne littafi ɗaya.

Daga shekara 7 zuwa 10 nan ne gurin tatsuniya, kuma a nan ni ba na haɗa komai da ita. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya suna da Gizo da Ƙoƙi da kura da sauran abubuwan da kakanni suke ba mu a tsakar gida da dare, labaran gajeru ne yaro zai gama ɗaya kafin barci ya ɗauke shi. Ki fara da ga ta nan ga ta nanku, ki jira su ce ta zo mu ji ta, ki karanta rabi sai ki miƙa wa babban cikinsu ya ƙarasa, zai yi ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ, ki bar shi, kar ki dinga katse shi kowace kalma.

In ya kai 11 ko 12 sai a ba shi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku ne, a na farko aku ne yake ta zuba wa Musa ɗan sarki labari don ya hana shi fita. Ruwan Bagaja ma nasa ne, tun 1934, yara suna shan dariya da rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sai dai akwai yaudara da ramuwa a ciki sosai, gara ku karanta tare ku dinga tambayarsa wannan da ya yi daidai ne? Yaron da hankalinsa yake kan jirgi da taurari kuma ku nemo masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo.

Na addini, ku ɗauki ƙissoshin Annabawa da tarihin Sahabbai da aka sauƙaƙa wa yara, a Kasuwar Kurmi ana samu, amma ku nuna wa malamin Islamiyyarsu ya duba tukunna don ba kowane bugu ne aka tace ba. Na tarihi kuwa in kun karanta labarin Bagauda ko Muhammadu Rumfa, ranar Asabar ku kai su Gidan Makama ko su hau Dala su hango gari, ya fi zama a kai.

Na Turanci ma ku saya, wajen Sabon Gari akwai shagunan littattafai har da na hannu masu sauƙin kuɗi. Ku sa yaron ya karanta shafi ɗaya a tsaye a shagon, in ya kakare a kalma sama da biyar to ya yi masa nauyi, a ajiye sai baɗi.

Don Allah kuma kar ku miƙa wa yarinya 'yar firamare littafin soyayya na manya don kawai Hausa ne, ku buɗe tsakiya ku karanta shafi biyu uku kafin ku biya. In aljihu babu hali akwai laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello, ko ku haɗa kai da maƙota kowane gida ya sayi ɗaya a dinga musaya duk Juma'a, a rubuta sunan mai shi a bango don kar ya ɓata.